Yadda ake riƙe canjin aiki a kwangilar hanya kafin ya cinye kasafi

Tambaya: An naɗa ni injiniya mai sa ido a kan wani aikin hanya. Ba mu kai rabi ba, amma takardun canjin aiki sun fara taruwa a kan teburina. Ɗan kwangila yana neman ƙarin kuɗi da ƙarin wa'adi, mai aiki kuma, wato wanda ya ba da kwangilar, ya ce kada in sake kawo masa wata takardar ƙari. Ta yaya ake shawo kan wannan?

Amsa: Injiniya, Allah ya taya ka riƙo. Zan fara da umarnin mai aikin, domin nan ne haɗarin ya fi yawa. Hana kawo takarda ba ya hana canji faruwa a fili. Idan katafila ta ci karo da dutse a inda zane ya nuna ƙasa mai laushi, dutsen yana nan ko an sa hannu ko ba a sa ba. Abin da hanin yake haifarwa shi ne a ci gaba da aiki da baki, ba farashi, ba lissafin lokaci, sai a ƙarshen kwangila komai ya dawo a dunƙule a matsayin da'awar kuɗi, a lokacin da an binne aikin a ƙarƙashin kwalta, ba mai iya aunawa. Canjin da aka rubuta, aka sa masa farashi da wa'adi kafin a fara shi, ba kasafai yake kashe aiki ba. Wanda aka yi a duhu shi ne ke kashewa.

Aikin hanya ya fi aikin gini saurin canji saboda dalili mai sauƙi. Gini yana zaune a wuri guda, ana iya bincika ƙasarsa sosai. Hanya kuwa tana ratsa kilomitoci masu yawa, ta bi ta fadama, ta hau tudu, ta tsallake rafi, ta shiga gari, kuma ramukan gwajin da aka haƙa lokacin zane suna nuna abin da ke ƙarƙashinsu ne kawai, ba abin da ke tsakaninsu ba. Shi ya sa yawancin kwangilolin hanya ake biyansu da awo: adadin da ke cikin takardar ƙididdigar aiki hasashe ne, abin da aka auna a fili shi ake biya. Binciken da Bent Flyvbjerg da abokan aikinsa suka wallafa a 2002, a kan manyan ayyukan sufuri 258, ya nuna cewa kusan tara cikin goma sun zarce kuɗin da aka ƙiyasta musu, kuma ayyukan hanya sun zarce da matsakaicin kashi 20 cikin 100. Ba duka wannan ƙarin ne ya fito daga takardun canji ba, wani tun a ƙiyasin farko aka tauye shi. Amma ya isa ya nuna maka cewa wanda ya tsara aikin hanya ba tare da tanadin canji ba, bai tsara shi a kan gaskiya ba.

Abin da za ka fara yi gobe da safe shi ne ka ware tarin takardun nan, domin na tabbata ba duka ne canjin aiki ba. Mutane suna cakuɗa abubuwa daban-daban a jaka guda, kuma ɗan kwangila ba zai ƙi wannan cakuɗar ba. Idan kwangilarku tana bisa sharuɗɗan 1999 na FIDIC, ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, wato jan littafin da aka tsara don ayyukan da mai aiki ne ya yi zane, kowanne yana da sashensa. Ƙaruwa ko raguwar adadi ta hanyar awo tana sashe na 12. Canjin da injiniya ya ba da umarninsa, kamar sauya faɗin hanya, ɗaga tsayinta, ƙara kwalbati ko sauya kayan aiki, yana sashe na 13. Yanayin ƙasa da ba a iya hangowa ba yana 4.12. Tashin farashin siminti, rodi, kwalta da man dizal yana 13.8, kuma da ma'aunin lissafi ake biyansa, ba da ciniki ba. Jinkirin miƙa fili ga ɗan kwangila yana 2.1. Da zarar ka ware su, za ka ga wasu ba sa buƙatar takardar canji kwata-kwata, awo kawai suke so, wasu kuma ba su da tushe a kwangila. Waɗanda suka rage su ne aikinka na gaske. Idan sharuɗɗanku wasu ne daban, rabe-raben ba sa sauyawa, lambobin sassan ne kawai.

Bari in daɗe kaɗan a kan batun adadi da farashi, domin a nan ne kuɗi mai yawa ke zubewa ba tare da kowa ya karya doka ba. Mu ƙaddara takardar ƙididdiga ta ce tonon ƙasa kubik mita 200,000 ne, fasa dutse kuma 5,000. Ɗan kwangila na farko ya sa farashi na gaskiya, 10 a kan ƙasa, 40 a kan dutse, jimlarsa 2,200,000. Na biyu ya zaga filin, ya ga duwatsu suna leƙowa a gefen tuddai, ya gane cewa an tauye adadin dutsen. Sai ya sa 8 a kan ƙasa, 100 a kan dutse, jimlarsa 2,100,000, ya ci kwangila a matsayin mafi araha. Da aka shiga aiki, dutse ya kai 40,000, ƙasa ta sauko 165,000. Da na farko aka ba, da an biya 3,250,000. Na biyu kuwa 5,320,000 za a biya shi. Araha ba ta ado. Wannan ba laifin injiniyan fili ba ne, tun wajen tantance masu neman kwangila ya kamata a kama shi, ta hanyar kwatanta farashin kowane layi na takardar ƙididdiga da ƙiyasin mai aiki maimakon duba jimla kawai.

Amma ko yanzu kana da makami. Sashe na 12.3 na FIDIC 1999 ya ba da damar sabon farashi idan adadin da aka auna ya sauya da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma kuɗin sauyin ya wuce kashi 0.01 cikin 100 na kuɗin kwangila, kuma sauyin ya taɓa ainihin kuɗin yin kowane ma'auni da fiye da kashi 1 cikin 100, kuma layin ba mai tsayayyen farashi ba ne. Sai duk huɗun sun cika. A bugun da bankunan raya ƙasashe suka daidaita don ayyukansu, an ɗaga iyakar sharaɗin farko zuwa kashi 25, na biyu zuwa 0.25. A Amurka, a ayyukan hanya da gwamnatin tarayya ke tallafa wa, ana sake duba farashin babban layi idan ya haura kashi 125 cikin 100 na adadin asali ko ya faɗi ƙasa da kashi 75, kuma a wajen ƙari, abin da ya haura 125 ɗin kaɗai sabon farashin ya shafa. Abin da injiniyoyi da yawa ke mantawa shi ne wannan ƙofa tana buɗewa ta ɓangare biyu. Idan adadi ya ninka, kuɗin kawo injina da kafa sansani da aka raba a kan ƙaramin adadi an riga an mayar da shi, don haka sabon farashi yana iya sauka. Ɗan kwangila zai tuna da sashen idan zai amfane shi. Kai ne za ka tuna da shi idan zai amfani mai aiki.

Tsarin sa farashi kuma yana da matakai, kada ka tsallake. In akwai farashin wannan aiki a kwangila, shi ake bi. In babu, sai a ɗauko na aiki makamancinsa a gyara. In babu makamanci, sai a gina sabo daga kuɗin leburori, kaya, injina da riba daidai gwargwado. Biyan aiki da lissafin yini, wato a ƙirga awannin injina da mutane, shi ne na ƙarshe, kuma don ƙananan ayyuka aka yi shi. Ba na son sa a manyan ayyuka, domin yana saka wa jinkiri: gwargwadon daɗewar gireda a wurin, gwargwadon kuɗin da za ta ci. In ya zama dole, a sa hannu a kan takardar kowace rana a ranar, ba a ƙarshen wata ba.

Sai batun ƙasa. Duk lokacin da aka ce an tarar da abin da ba a zata ba, tambayar da kwangila ke yi ba ita ce ko wannan ɗan kwangilar ya zata ba. Tambayar ita ce ko gogaggen ɗan kwangila zai iya hangowa a ranar da ya miƙa farashinsa. Wata shari'a da aka yanke a Ingila a 2014 ta fayyace wannan. Wani kamfanin Sifaniya ya karɓi aikin hanya da ramin ƙarƙashin ƙasa a filin jirgin saman Jibralta, wani yanki na Birtaniya da ke kudancin Sifaniya, ya tarar da gurɓatacciyar ƙasa fiye da abin da ya lissafa, ya nemi ƙari. Kotu ta ce gogaggen ɗan kwangila ba zai tsaya a kan rahoton da aka ba shi kaɗai ba, zai duba tarihin wurin, wanda sojoji suka daɗe suna amfani da shi, ya yi nasa hasashen. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2015. To amma kada wannan ya sa ka ɗauka kowace da'awar ƙasa abin kora ce. Idan rahoton mai aiki ya nuna ƙasa mai ƙarfi, aka buɗe aka tarar da baƙar ƙasa mai kumbura da ruwa a tsawon kilomitoci, ba tare da wata alama a sama ba, haƙƙinsa ne a biya shi, kuma gara a biya da wuri.

Masu iya magana sun ce tun ran gini ran zane. Yawancin takardun da ke gabanka an haife su ne kafin a sa hannu a kwangila: binciken ƙasa da aka gajarta don a rage kuɗi, safiyon da ya tsufa, kwalbatocin da aka zana ba tare da lissafin ruwan da ke gangarowa ba, wuraren ɗibar marmara da tsakuwa da aka nuna a takarda amma ba a gwada ba, bututun ruwa da turakun lantarki da wayoyin sadarwa da ba a kawar ba, filayen da ba a biya diyyarsu ba. Wannan ya wuce ka a ɓangaren da aka gama. Bai wuce ka a ɓangaren da ya rage ba. Ka nemi izini da ɗan kuɗi kaɗan ka tura tawaga gaba da aikin: a haƙa ƙarin ramukan gwaji, a gwada ƙarfin ƙasa, a bi kowane mashigin ruwa da ƙafa, a tambayi mazauna wurin inda ambaliya take kaiwa, a tabbatar da wuraren ɗibar kaya da nisansu, domin ƙarin nisan jigila kaɗai yana iya sauya farashin cike hanya gaba ɗaya. Matsalar da aka gano wata uku kafin injina su iso, gyaran zane ce. Wadda aka gano bayan sun iso, gyaran zane ce haɗe da kuɗin zaman injina, da ƙarin wa'adi, wani lokaci har da rushe abin da aka gina. A ganina babu kuɗin da za ka kashe a sauran aikin nan da zai fi wannan amfani.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a kowane fili: umarnin baki. Babban jami'i ya zo rangadi, ya nuna wuri ya ce a faɗaɗa nan. Wakilan al'umma sun roƙi a ƙara musu magudana ko ɗan reshen hanya zuwa makaranta. Ƙaramin injiniya ya ce wa fomen ya ƙara tono ya cike da dutse. Kowanne yana iya zama abu mai kyau, amma ba ɗayansu da ke da ikon kashe kuɗin kwangila. Dole kowa a filin ya san mutum ɗaya ne ke ba da umarnin canji, a rubuce, kuma ya san iyakar kuɗin da wannan mutumin zai iya amincewa da shi kafin ya koma wurin mai aiki. Ka kuma kula da sashe na 3.3 na FIDIC 1999: idan kai ko mataimakin da ka wakilta ya ba da umarni da baki, ɗan kwangila ya rubuto tabbacinsa cikin kwanakin aiki biyu, ba ku amsa ba cikin wasu kwanakin aiki biyu, wannan takarda tasa ta zama umarninka. Shiru a nan sa hannu ne. Buƙatun al'umma da na manya kuwa kada ka kore su, ka karɓa da mutunci, ka sa musu farashi, ka aika wa mai aiki ya zaɓa da idonsa a buɗe. Sau da yawa wanda ya ce kada a kawo masa takardar ƙari, daga ofishinsa wasu ƙarin suka fito, kuma bai taɓa ganin jimlarsu ba.

Kada ka taɓa amincewa da kuɗin canji ka bar lokacinsa a buɗe. Wannan kuskure ne da ake yi da kyakkyawar niyya, don a gaggauta aiki, amma yana da tsada. Kowane ƙarin wata da mai aiki ya jawo yana ɗauke da kuɗin sansani, albashin ma'aikata, inshora, takardun lamuni na banki, da kuɗin ku masu sa ido. Kuma ba kowane canji ne ke ba da haƙƙin ƙarin wa'adi ba. Sai wanda ya taɓa jerin ayyukan da ranar kammalawa ta rataya a kansu. Ƙara allunan hanya ba ya jinkirta komai. Sauya tushen gada yana iya tura aiki cikin damina, a rasa watanni. Ba za ka iya bambance waɗannan ba sai da jadawalin aiki da ake sabuntawa kowane wata. In wanda ke hannunka na ranar farko ne, ka nemi sabo a wannan makon.

Duk wannan yana tsaye ne a kan shaida. A ɗauki awon ƙasar asali tare, ku da ɗan kwangila, a sa hannu kafin a fara tono. A auna saman dutse kafin a fasa shi. A auna zurfin ƙasar da aka kwashe kafin a cike. A ɗauki hotuna masu kwanan wata da lambar wurin, a cika littafin fili kullum da adadin injinan da suka yi aiki da waɗanda suka zauna da dalilin zamansu. Aikin hanya kusan duka binne shi ake yi, kuma gardama a kan abin da aka binne, mai takarda ne ke cin ta.

Sannan ku yanke hukunci da sauri, wannan nauyi ne a kanku ba a kan ɗan kwangila ba. FIDIC ta ba shi kwana 28 ya sanar da da'awarsa daga ranar da ya san abin ko ya kamata ya sani, in ya wuce ya rasa haƙƙinsa. Ba adalci ba ne a riƙe shi da wannan ƙa'ida, sannan takardarsa ta yi wata shida tana yawo tsakanin ofisoshi. Tsarin kwangilar NEC, da aka fara fitarwa a Ingila a 1993, ya ɗaure kowane ɓangare: ɗan kwangila ya kawo farashi cikin mako uku, manajan aiki ya amsa cikin mako biyu, kuma kowa yana da wajibcin yin gargaɗi da wuri idan ya hango matsala. Ko kwangilarku ba NEC ba ce, babu abin da ya hana ku ɗaukar wannan ɗabi'a: zama na musamman kowane mako biyu, ba a tattauna komai sai canje-canje da abubuwan da ake hangowa. Ɗan kwangilar da ya san za a biya shi haƙƙinsa da wuri yana kawo farashi mai hankali. Wanda ya saba da jira yana ninkawa, don ya san za a zaftare kuma za a daɗe.

Ka buɗe rajista guda. Kowane canji da lambarsa, dalilinsa, wanda ya nema, sashen kwangilar da ya dogara a kai, kuɗinsa, kwanakinsa da matsayinsa, har da waɗanda ba a amince da su ba tukuna da waɗanda ake hasashe. A ƙasan shafin a riƙa ganin abu biyu: jimlar ƙarin a matsayin kaso na kuɗin asali, da hasashen abin da aikin zai ci a ƙarshe. Jimlar ce ke da muhimmanci, domin ƙananan canje-canje hamsin da kowanne ya wuce ba tare da an lura ba sun fi babba ɗaya ɓarna. Masu ba da kuɗi ma jimla suke dubawa. A kwangilolin da Bankin Duniya ke bita tun kafin a bayar, ana neman amincewarsa idan ƙarin, shi kaɗai ko haɗe da na baya, ya haura kashi 15 cikin 100. Dokar sayen kaya da ayyuka ta Tarayyar Turai ta 2014 ta sa iyakar kashi 50 cikin 100 a kan ƙarin aikin da ya zama dole ko wanda ba a hango ba, ta kuma hana jera canje-canje don a kauce wa dokar. Ka duba iyakar da ta shafi aikinku, kuma kada ka yarda a datsa canji guda gida uku don kowanne ya shige ƙarƙashin ikon sa hannun wani. Takardar canji ita ce hanyar da kuɗi ke fita ba tare da gasa ba, shi ya sa masu binciken kuɗi suke fara buɗe ta. Wanda ya nemi canji, da wanda ya auna, da wanda ya amince, su zama mutane daban. Wannan kariya ce ga sunanka kafin ta zama kariya ga kuɗin mai aiki.

Idan kasafi ya matse, rage aiki halal ne, amma a kan sharaɗi: FIDIC ba ta yarda a cire aiki daga hannun ɗan kwangila don a ba wani ba. Kuma in za a rage, a rage tsawo ko kayan ƙawa, kada a taɓa magudanar ruwa da kaurin shimfiɗar hanya, domin ruwa ne ke fara cin hanya. Ka kuma gayyaci ɗan kwangila ya kawo dabarun rage kuɗi. Sashe na 13.2 ya ba shi rabin abin da aka tsimi idan shawararsa ta sauya zane aka karɓa, bayan an cire duk wata raguwar inganci.

Da ka gama rajistar, ka kai wa mai aiki shafi ɗaya, ba tarin takardu ba: ga abin da awo ya kawo, ga abin da ƙasa ta kawo, ga abin da ofishinku ya nema, ga wanda na ƙi da dalilina, ga abin da nake hangowa a gaba, ga kuɗin ko-ta-kwana da ya rage. Ka nemi ya amince da iyakar ikonka a rubuce da wa'adin da zai riƙa amsa abin da ya fi ƙarfinka. Kuma daga yau, kowace takardar canji da za ka sa wa hannu ta faɗi a fili cewa kuɗin da kwanakin da ke cikinta sun rufe dukkan tasirin wannan canji, har da jinkiri da katsewar sauran ayyuka. In akwai abin da ɗan kwangila yake son ya ajiye don daga baya, ya ambace shi da sunansa a cikin takardar, tare da ranar da zai kawo lissafinsa.